Idan Sikeli Ya Tsaya Cak: Jawabi Ga 'Yan Kasuwa Da Iyalansu A Khartoum Da Omdurman

Iyayena da yayyena da ƙannena, maza da mata, masu kasa kaya a babbar kasuwar Omdurman da Kasuwar Libiya, da mazauna unguwar Mayo da sauran unguwannin Khartoum, ina yi muku barka da war haka.

Kafin in shiga magana, wajibi ne in ware waɗanda jawabin nan bai shafa ba. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023, gidaje da yawa sun ga yunwa ido da ido. Wanda abinci bai wadace shi ba, da mai juna biyu, da mai shayarwa, da ƙananan yara, duk ba a neman su rage ƙiba. Haka kuma wanda yake ramewa ba da niyyarsa ba, musamman in akwai tari mai daɗewa, ko gumin dare, ko yawan ƙishirwa da fitsari, ya garzaya asibiti, domin wannan rama alamar ciwo ce. Da waɗanda likita ya ce su rage nauyi saboda ciwon sukari, ko hawan jini, ko ciwon gwiwa nake magana.

Wata baiwar Allah mai sayar da kayan miya ta zo wurina ranta a ɓace. Da fari nauyinta kilo 92 ne. Ta rage cin burodi, ta riƙa tafiya kasuwa da ƙafa, cikin wata 5 ta sauko zuwa kilo 85. Daga nan sikeli ya kafe, wata 4 cur bai motsa ba. Ta ce mini: "Malama, na gaji. Ina hana kaina, ina wahala, amma babu abin da ya canja. Gara in koma yadda nake." Na san a cikinku akwai masu irin wannan magana a zuci. To, amsar da na ba ta ita zan ba ku: tsayawar sikeli ba faɗuwa ba ce, kuma kilo 7 ɗin da ta zubar ta riƙe, su ne ribar da ba ta lissafa ba.

Ku 'yan kasuwa ne, don haka bari mu yi lissafi irin na kasuwa. Jiki yana da shiga yana da fita. Abin da muka ci shi ne shiga, abin da jiki ya ƙona wajen numfashi da bugun zuciya da motsi shi ne fita, kuma ana auna su da ma'aunin da ake kira kalori. Idan nauyi ya ragu, abin da jiki yake ƙonawa ma yakan ragu, kamar yadda jakin da aka sauke wa rabin kaya ba ya shan wahalar da ya sha da cikakken kaya. Sannan jiki ba ya son a taɓa masa ajiya. Kitsen jikinmu yana fitar da wani sinadari mai suna leptin, wanda aka gano a Amurka a 1994, aikinsa sanar da ƙwaƙwalwa yawan ajiyar da ke akwai. Da kitse ya ragu, sai sinadarin ya ragu, ƙwaƙwalwa ta ɗauka fari ya zo, ta ƙara yunwa ta kuma tsuke kashewa. Mutum yakan ƙara loma bai sani ba. Shi ya sa mafi yawan masu rage nauyi sukan ga saukar ta yi sanyi ko ta tsaya wajen wata na 6. Wannan halitta ce da Allah Ya tsare kakanninmu da ita a shekarun yunwa, kuma babu lalaci ko sammu a cikinta.

Yanzu ku ji darajar abin da aka riga aka samu. A 2002 an bayyana sakamakon wani babban bincike a Amurka a kan mutum 3,234 waɗanda ciwon sukari yake dab da kama su. An nemi wani rukuni daga cikinsu su zubar da kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, su kuma motsa jiki minti 150 a mako. Kamuwa da ciwon a wannan rukuni ta ragu da kashi 58 cikin 100. Ba a ce su zama sirara ba. Baiwar Allahn nan da ta sauko daga 92 zuwa 85 ta riga ta haye wannan mizani, amma tana shirin zubar da shi don fushi da sikeli. Wa ya taɓa ganin ɗan kasuwa ya watsar da jarinsa a titi don ciniki ya yi sanyi wata guda?

Ga abin da za ku yi a lokacin tsayawar.

Na farko, ku ƙara ma'auni, kada sikeli kaɗai ya yi muku hukunci. Ku sami igiyar awo ta tela, ku auna ƙugu a tsakanin ƙashin haƙarƙari na ƙarshe da saman ƙashin kwankwaso. Abin so shi ne faɗin ƙugu ya gaza rabin tsawon mutum: mai tsawon santimita 160, ƙugunsa ya kasance ƙasa da 80. Sau da yawa ƙugu yana raguwa alhali sikeli yana tsaye. Ku duba awon jini da na sukari, ku lura ko numfashi ya daina sarƙewa wajen ɗaukar kaya, ko gwiwa ta yi sauƙi wajen sujada. Hawa sikeli kuwa sau ɗaya a mako ya isa, da safe kafin karin kumallo, domin ruwan jiki da gishiri da al'adar mata sukan ɗaga nauyi da kilo guda ko fiye a cikin kwana biyu.

Na biyu, ku bi sawun abin da yake shiga a ɓoye, kuma babbansu shi ne sukarin shayi. A ƙasar nan ba a gaisuwa sai da shayi ko jabana, kuma mai shayi tana bakin kowace rumfa. Ƙaramin cokali ɗaya na sukari giram 4 ne, wato kalori 16. In kofi ɗaya yana ɗauke da cokali 3, ka sha kofi 5 daga safe zuwa magariba, ka sha cokali 15 ke nan, kalori 240, ba tare da ka ji ka ci komai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawararta ta 2015, ta ce kada sukarin da ake ƙarawa ya kai kashi 10 cikin 100 na abin da mutum yake ci a yini, wato kimanin cokali 12 ga babba, kuma in an tsaya a cokali 6 ya fi. Ku haɗa da sukarin karkade, wato zoɓo, da na tsamiya da na kuka, da hilu-mur na watan azumi. Ku ce wa mai shayi ta kawo sukarin daban, ku rage cokali guda, bayan mako biyu ku sake ragewa. Sai mai: babban cokali ɗaya na man riɗi ko man gyaɗa kalori 120 ne, ga shi ana kwarara shi a kan ful ba awo. Ful abinci ne mai kyau mai riƙe ciki, haka adas da kifin Nilu da ƙwai da ganye. Ku auna man da cokali, ku rage burodin da ake dangwala, ku rage girman asida da kisra, ku yawaita salatin tumatir da kokwamba. Agashe ma babu laifi jefi-jefi, a zaɓi tsoka a bar kitse.

Na uku, ku sauya salon motsi. Zaman rumfa daga hantsi zuwa la'asar yana cinye ribar tafiyar safe. Ku miƙe duk bayan rabin sa'a, ku yi tafiyar minti 10 bayan cin abinci. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son babba ya sami minti 150 zuwa 300 na motsi a mako, da aikin ƙarfafa tsoka kwana 2. Ba sai da kuɗi ba: tashi da zama daga kujera sau 10, ko ɗaga galan ɗin ruwa, duk aikin tsoka ne. Zafin Khartoum yakan wuce digiri 40 a bazara, saboda haka a yi tafiya bayan asuba ko da yamma, a sha ruwa, a bi hanyar da jama'a suke bi, kada a taɓa wani ƙarfe da ba a sani ba a kango ko a bakin hanya.

Na huɗu, barci. Wanda ba ya samun sa'a 7 a dare yakan fi jin yunwa da kwaɗayin zaƙi. Na san damuwar shekarun nan ta hana da yawanmu runtsawa. Mu rage jabana bayan la'asar, mu kuma faɗa wa na kusa da mu abin da ke ci mana rai.

Akwai hanyoyi biyu da nake roƙonku ku guje musu. Ɗaya ita ce horon kai da yunwa: tana cinye tsoka, daga baya nauyi ya dawo da ƙari, kuma ga mai shan maganin sukari ko mai allurar insulin tana iya jefa shi cikin suma. Ɗayar ita ce ƙwayoyi da shayin rage ƙiba da ake tallatawa a kasuwa da Facebook. An sha samun sinadarin sibutramine a ɓoye cikin irin waɗannan kaya, alhali ƙasashe da yawa sun janye shi tun 2010 saboda haɗarinsa ga zuciya. 'Yan'uwana mata, wadda ta taɓa shan ƙwayar ƙara ƙiba irin dexamethasone ta faɗa wa ma'aikacin lafiya gaskiya, kuma in ta daɗe tana sha kada ta daina farat ɗaya sai da jagorar likita. Idan kun gyara duk abin da na lissafa wata 3 babu sauyi ko a ƙugu, ku nemi a duba muku maƙoƙo da magungunan da kuke sha, domin wasunsu suna ƙara nauyi. Amma kada kowa ya ajiye maganinsa da ra'ayin kansa.

Ku kuma mutanen gida, maigida da uwargida da surukai, ku taimaka. Kada ku riƙa ce wa mai ƙoƙari "ina amfanin wahalar nan?" Akushi ɗaya muke ci, in an rage mai da sukari kowa ya amfana.

Baiwar Allahn nan ba ta koma gidan jiya ba. Ta mayar da sukarin shayinta cokali ɗaya, ta ci gaba da tafiyarta. Har yau nauyinta bai yi nisa da kilo 85 ba, amma ta kai zannuwanta da rigunanta an rage musu faɗi, awon jininta kuma ya sauka. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu iya magana. Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, Ya zaunar da ƙasar Sudan lafiya, Ya sa albarka a kasuwancinku.