Addu'ar da ta San Suna: Ikkilisiyoyin Hausa na Ibadan da Masu Bishara a Ƙetare



An ce in yi magana a kan addu'a domin masu bishara da ke aiki a ƙasashen waje. Ba wanda zai miƙe a zauren nan ya ce kada a yi, domin kowace Lahadi muna yi. Bayan an roƙa wa marasa lafiya da matafiya da shugabannin ƙasa, sai mai jagorar sujada ya ƙara da masu bishara na ko'ina cikin duniya, a ce amin, a shiga baiko. Tambayata ita ce ko akwai mutum a cikin wannan addu'ar. Da za a tare mu a ƙofar majami'a a ce kowa ya ambaci mai bishara ɗaya na ɗarikarsa da ke Nijar ko Chadi ko Ghana, ya faɗi sunan matarsa da yaren da yake fama ya koya, mu nawa ne za su amsa? A ganina addu'ar da babu labari a bayanta ba ta daɗewa a baki, ba ta kuma kai hannu aljihu.

Ibadan, garin da muke zaune, ya san wannan tun kafin a kafa unguwar Sabo. A 1853 Dauda Hinderer, Bajamushe mai aiki da ƙungiyar mishan ta CMS, ya zauna a Kudeti tare da matarsa Anna. Da yaƙin Ijaye ya ɓarke a 1860, hanyar Abeokuta da bakin teku ta toshe, suka shekara kusan biyar cikin ƙunci, ga yaran da suke riƙo, ga abinci ya yi wuya, kuɗi da wasiƙa ba sa isowa sai da ƙyar. Mutanen da ke yi musu addu'a a Ingila sun san su, sun san sunayen yaran gidan, domin Anna ba ta fasa rubuta wasiƙa ba. Daga waɗannan wasiƙun da abin da ta riƙa rubutawa na yau da kullum aka haɗa littafin rayuwarta bayan rasuwarta a 1870.

Labarin ƙungiyar mishan ta SIM, uwar ɗarikar ECWA, ya fi wannan ɗaci. A watan Disamba na 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Ikko da nufin shiga ƙasar Sudan, wato yankinmu na Arewa. Shekara ba ta zagayo ba Gowans ya rasu a Girku, Kent ya rasu a Bida, Bingham ya koma Kanada da ciwo. Sai a 1902 aka samu kafa tashar farko a Patigi. Wadda ta fara sa wa Bingham nauyin wannan tafiya ita ce mahaifiyar Gowans, kuma mutuwar ɗanta ba ta sa ta janye ba. A ɓangaren CMS kuwa, ayarin Bishop Tugwell da Likita Miller ya isa Kano a 1900, Sarki Alu ya sallame su, suka ja da baya zuwa Girku, kafin Miller ya samu zama a birnin Zariya a 1905. Littafi Mai Tsarki na Hausa da kakanninmu suka koyi karatu da shi bai fito cikakke ba sai 1932.

Ban kawo wannan don in wanke Turawan mishan ba. Wasunsu sun raina mutanen da suka zo wa hidima, sun kuma daɗe suna ƙin sakin ragama. Abin da ya dace mu ɗauka shi ne yadda na gida suka riƙe na daji. Wasiƙa tana zuwa, a karanta ta a taron addu'a, a san wane ne zazzaɓi ya kwantar, wace rijiya ta ƙafe, sa'an nan a durƙusa.

Yau mu ne na gida. Tun 1948 ikkilisiyoyin da suka fito daga SIM suka kafa ƙungiyarsu ta aika masu bishara, wadda aka sani yanzu da EMS, shekara shida kafin ECWA kanta ta tsaya da ƙafarta a 1954. Rabaran Panya Baba ya shugabance ta daga 1970 zuwa 1988, kuma a hannunsa ta faɗaɗa ƙwarai. Masu bishararta yanzu sun haura dubu, a ciki da wajen Najeriya. 'Yan Baftis, waɗanda hedikwatarsu take nan Ibadan, sun aika nasu zuwa Saliyo tun wajen samun 'yancin kai. Ƙungiyar mishan ta CAPRO ta fara a Zariya a 1975. A 1982 aka kafa irinta, CMF, a wannan gari, a shekarar ce kuma aka kafa NEMA, inuwar ƙungiyoyin mishan na Najeriya. Ke nan mutanen da muke cewa Allah ya taimaka "a ko'ina" ba baƙin fuska ba ne. Yaran Kagoro ne da Zonkwa da Biliri da Malumfashi, wasu ajinmu ɗaya da su a makarantar Littafi.

A nan nake so mu ɗan tsaya a Sabo, domin maƙwabtanmu 'yan kasuwa suna da abin koya mana. An keɓe unguwar a 1916. Wani masani, Abner Cohen, ya zauna cikinta a farkon shekarun 1960, ya fitar da littafi a 1969 yana bayanin yadda cinikin shanu da goro tsakanin Arewa da Kudu ya tsaya a kan mai gida. Mai shanu ya taso daga nesa, ba ya jin Yarabanci, bai san mahauci ko ɗaya ba. Mai gida ne zai sauke shi, ya ciyar da shi, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa in an ɗauki dabba bashi. Shi ya san mahaucin da ke biya da wanda ke gudu. Ba banki, ba takardar kotu, amma dukiya mai yawa tana kai da kawowa, saboda labari ba ya yankewa tsakanin Kano da Ibadan, kuma kowa ya san wanda zai kama in abu ya lalace. Har gobe in ka je karar shanu ta Akinyele za ka ga ragowar wannan tsari. To, mai bisharar da muka ɗora wa hannu muka sallama zuwa Damagaram ko Kumasi, wa ke mai gidansa? Ofishin ɗarika yana biyan abin da ya iya, amma ofis yana da ɗaruruwa a wuyansa. Ikkilisiya guda ce za ta iya sanin cewa 'yar mai bisharar ta isa shiga sakandare kuma babu makarantar Turanci a inda suke. A cikin Ayyukan Manzanni sura 13, ikkilisiyar Antakiya ta yi azumi da addu'a ta sallami mutum biyu da ta sani, Barnaba da Shawulu, kuma da suka gama zagayensu can suka koma suka ba da rahoto. Ikkilisiyar Filibi kuwa mutum ta tasa takanas, Abafroditus, ya kai wa Bulus gudummawa a kurkuku. Zumunta a ƙafa take.

Me labarin zai gaya mana in mun neme shi? Na farko dai kuɗi, ko da yake mun fi son mu yi shiru a kansa. A watan Mayu na 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Zuwa Fabrairun 2024 ta kai wajen 1,500. Sefa kuwa a ɗaure take da kuɗin Turai. Mai bisharar da ake aika wa naira yana kashe sefa a Maraɗi ko Njamena ya wayi gari abin da ke hannunsa bai kai rabin na da ba, alhali a takardar ma'ajin ikkilisiya ba a rage masa ko kwabo ba. Sa'an nan bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Nijar aka rufe iyaka, ba a buɗe ba sai Maris 2024. Wanda ya saba tsallakowa ta Jibiya ko Illela ya karɓi saƙo, ya duba iyaye, ya sayi magani, ya zauna wata da watanni a yanke. A Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ECOWAS. Duk ikkilisiyar da ta yi addu'a a wannan tsakani ba ta sake duba adadin da take aikawa ba, ta roƙi Allah ya yi abin da ya riga ya ba ta ikon yi.

Sai tsaro. A Janairun 2015 an ƙone gomman majami'u a Damagaram da Yamai cikin kwana biyu, a kan zanen ɓatanci da wata jarida ta buga a Faransa, abin da Kiristan Nijar ba shi da hannu a ciki. An sace Jeffery Woodke, Ba'amurke, a Abalak a Oktoban 2016, ba a sake shi ba sai Maris 2023. An sace Fada Pier Luigi Maccalli, ɗan Italiya, a Bomoanga a Satumban 2018, aka sake shi a Mali bayan shekara biyu. Waɗannan mun ji sunansu domin suna da gwamnatoci da jaridu a bayansu. Ɗan Najeriya ko ɗan Nijar da ke aiki a ƙauye ɗaya da su, in abu ya same shi, sai dai ikkilisiyar da ta aike shi ta ɗaga murya, in har ta sani.

Amma wannan batu na tsaro yana ja da abin da na faɗa da farko, kuma gara in faɗa da bakina. Ina cewa a san suna, alhali akwai wuraren da yaɗa sunan mutum da hotonsa da ƙauyen da yake zaune zai iya jawo masa halaka. Mun iya tura saƙon "a yi addu'a" daga wannan rukunin WhatsApp zuwa wancan ba tare da mun tambayi mai shi ba. Abin da za a faɗa a bagade daban, abin da mutum biyar na kwamitin mishan za su riƙe daban. Mai bisharar ne zai faɗi iyakar, mu kuma mu tsaya a kanta.

Akwai kuma harshen da muke addu'a da shi. Lasifikar majami'unmu tana kai wa har rumfar maƙwabci, kuma maƙwabcin nan Hausa yake ji kamar mu. Idan muna roƙo domin Nijar ko Sudan muna ta kiran yaƙi da mamaya da rushe sansanin abokan gaba, mu mun san fassarar ruhaniya muke nufi, shi kuwa mai sayar da albasa da ke jin mu danginsa ne ke zaune a can. Mu da muka ga abin da ya faru a kasuwar Sasa ta nan Ibadan a Fabrairun 2021, inda faɗan mutum biyu ya zama gobara da asarar rayuka, bai kamata a koya mana nauyin kalma ba. Wutar ba ta tambayi addinin mai rumfa ba. Cikin ayyukan da suka daɗe a ƙasar Hausa ta Nijar akwai na asibitin Galmi, wanda SIM ta buɗe a 1950, da na kutare a Danja kusa da Maraɗi, inda mafi yawan masu zuwa neman magani Musulmi ne, suna kuma komawa gida da mutuncinsu. Mu roƙa wa mutanen ƙasar ruwan sama da lafiya da zaman lafiya da gaske, mu roƙa wa mai bishara haƙuri da ladabin baƙo. Ba mu ɓoye bangaskiyarmu ba in mun yi haka.

Wani abu kuma, a taƙaice. Wanda aka tura Landan ko Amurka ba ya rasa masu tuna shi, har da masu neman lambar wayarsa. Wanda aka tura kudancin Chadi shi ne ake mantawa. Na Turai ma yana da nasa kaɗaici, amma mu binciki zuciyarmu a kan dalilin da ya sa sunan ɗaya ya fi saurin zuwa baki.

Mu masu sujada da Hausa muna da dama da 'yan'uwanmu na sashen Turanci da Yarabanci ba su da ita. Harshenmu yana ci daga Agadas zuwa zangon Kumasi da Nima ta Akkara, zuwa Garwa da Njamena, har unguwannin Hausawa na Sudan. Rediyon ELWA da aka buɗe a Monrobiya a 1954 ya shekara da shekaru yana watsa shirye-shiryen Hausa saboda wannan dalili. Mace a Zumuntar Mata ta unguwar Ojo za ta iya ɗaukar waya ta yi hira da matar mai bishara a Tawa, ta kuma gaisa da maƙwabciyarta, ba tafinta. Iyayenmu mata sun daɗe suna tara hatsi da sabulu da zannuwa domin masu bishara na cikin gida, su ne kuma suka fi mu iya tambayar da ke fito da gaskiya: me kuka ci jiya, yaron ya warke?

Shawarata ga wannan taro ƙarama ce. Kowace ikkilisiya ta je ofishin mishan na ɗarikarta ta nemi a ba ta iyali guda da ke aiki a ƙetare, ta riƙe su aƙalla shekara uku, kada a sauya duk lokacin da aka sauya fasto. A sa mutum biyu, namiji da mace, su riƙa kiransu sau ɗaya a wata, su kawo wa jama'a abin da aka yarda a faɗa kafin addu'ar Lahadi. Ma'aji ya lissafta gudummawar da kuɗin ƙasar da suke zaune, ya sake dubawa duk wata shida. In sun zo hutu, a ba su ɗaki da kuɗin ganin likita kafin a ba su bagade, domin da yawa suna dawowa a gajiye mu kuma mu jera musu wa'azi bakwai. Ikkilisiyar da ƙarfinta bai kai ba ta haɗa kai da ta kusa da ita. Unguwannin Sasa da Moniya ba su da nisa da juna. Ina roƙon shugaban taro ya ba da lokaci kafin a tashi, wakilan kowace ikkilisiya su rubuta sunan mutum biyun da za su ɗauki wannan aiki.