Hajiya, Tashi Mu Taka

Masu sauraro, daga Birnin Ƙonni, Malbaza har Illela.

Yau maganar iyayenmu mata za mu yi, waɗanda suka yi ritaya. Malamar makaranta, ungozomar asibiti. Shekara da shekaru suna tsaye, yanzu sai tabarma. Yawan zaman nan shi ke kashe gwiwa, shi ke gayyato hawan jini.

Hajiya, tashi. Bayan sallar asuba, kafin rana ta yi zafi, kira maƙwabciya ku taka. In a Galmi kuke, ku taka har bakin gonakin albasa. Wai mutane za su yi magana? Su yi mana! Ranar da kika miƙe ba jikan da ya kama hannunki, za ki ba mu labari. Mai ciwon zuciya dai ta fara ganin likita.

Mu kwana nan.