Kafintan Jamus da Ɗakin Aikin Hannu na Makarantarmu
(Jawabin da aka gabatar a taron shekara na ƙungiya)

 

Na san wasu za su yi mamaki, a ce an ba ma'aikacin gwamnati dama ya yi jawabi sai ya ɓige da zancen 'yar tsana. Ku yi mini haƙuri, akwai dalili.

A garin Zirndorf, kusa da Nuremberg a ƙasar Jamus, akwai kamfanin iyalin Brandstätter mai yin kayan wasan yara da roba. A ƙarshen 1973 kuɗin ɗanyen mai ya ninka kusan sau huɗu, roba kuwa daga mai ake yin ta. Manyan kayan wasan da kamfanin ya saba yi suka zama asara. Allah ya sa tun 1971 wani ma'aikacinsu, Hans Beck, wanda asalinsa kafinta ne, yana ta gwajin wani ɗan mutum-mutumi mai tsawon santimita 7.5, daidai tafin hannun yaro. Ya lura da yadda yara ke zana mutum: ƙaton kai, idanu biyu, murmushi, babu hanci. Haka ya yi fuskar.

A 1974 aka fito da shi a kasuwar baje kolin kayan wasa ta Nuremberg da sunan Playmobil, kala uku kawai: mayaƙa masu sulke, magina, da Indiyawan Amurka. Da fari 'yan kasuwa sun raina shi, sai da wani kamfanin Holan ya yi oda mai yawa. A 1976 aka ƙaro mata, a 1981 yara, a 1982 kuma aka sa hannayen suna juyawa. Beck ya rasu a 2009, amma an ƙera fiye da biliyan uku na waɗannan 'yan mutane.

To jama'a, ga abin lura. Tsadar man da ta matse wancan kamfani ita ce ta cika baitulmalin Nijeriya, har aka yi ƙarin albashin Udoji da iyayenmu ke ba mu labari. Su ƙunci ya sa su ƙira, mu kuma yalwa ta sa mu sayayya.

Ba basira muka rasa ba. Wa a cikinmu bai yi motar kara ko ta gwangwani ba? Abin da Beck ya samu shi ne an koya masa sana'a, aka kuma ba shi benci da lokaci.

Watan jiya na leƙa ɗakin aikin hannu na makarantarmu, inda aka koya mana riƙe zarto. Rufin ya yaye, bencina sun karye, awaki ne ke kwana a ciki. Ni ma ina da laifi, shekaru ina wucewa ta bakin ƙofar ban tsaya ba.

Saboda haka ina roƙon ƙungiya ta sa gyaran ɗakin nan a gaba cikin ayyukan bana. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ni na ɗauki nauyin kwanon rufi bandir ɗaya, sauran kuma ina jiran ku.