Mu Kai Yaranmu Su Ga Ƙasar da Muke Zaune

'Yan'uwa, mu kasuwa ta kawo mu Tafa, amma 'ya'yanmu nan aka yanke musu cibiya. Abin kunya ne yaro ya san Dutsen Zuma a bayan takardar naira 100 kawai, inda aka sa shi a 1999, alhali ga shi nan a Madalla, kallonsa daga bakin titi ba a biyan ko sisi. Gurara ce ake biyan kuɗin shiga. To, mu yi karo-karo mu ɗauki mota washegarin Sallah, maimakon su yini a tasha. Sai dai da damina ruwan yana da ƙarfi, kada a bar yaro ya matsa kusa. Allah Ya sa mu dace, amin.