Haƙƙin Direban Motar Makaranta



Mun tsaya gabanku yau domin mutumin da ke tashi tun assalatu, ya duba mai da ruwa da birki, sa'an nan ya bi unguwa-unguwa yana kwasar ƙannenmu zuwa makaranta. Mun danƙa wa direban motar makaranta rayukan yara, amma mu nawa ne muka taɓa tambayar abin da yake kaiwa gida a ƙarshen wata?

Da gumi ma'aikatan Nijeriya suka sami dokar mafi ƙarancin albashi. Sai da Ƙungiyar Ƙwadago ta Ƙasa, a ƙarƙashin Hassan Sunmonu, ta shiga yajin aiki a 1981 kafin gwamnatin Shehu Shagari ta amince da Naira 125. Adadin ya kai Naira 18,000 a 2011, ya koma 30,000 a 2019, sa'an nan 70,000 a 2024, bayan janye tallafin man fetur a 2023 ya tsananta tsadar rayuwa.

To, amma dokar tana da ɓaraka. Ba ta hau kan wurin aikin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ba ta kuma shafi wanda ba cikakken yini yake aiki ba. Makarantun kuɗi da yawa ƙanana ne, kuma mai makaranta yana iya cewa direba da safe da lokacin tashi kaɗai yake tuƙi. Ta haka sai direban ya faɗa wajen inuwar doka. Wanda albashinsa bai kai shi tsakiyar wata ba, tilas ya yi kabu-kabu da dare, ya wayi gari yana gyangyaɗi a kan sitiyari, ga yara cike da mota.

Saboda haka muna kira ga ma'aikatun ilmi na jihohi da kada su sabunta rajistar kowace makaranta sai ta nuna tana biyan direbanta aƙalla abin da doka ta ƙayyade, komai ƙanƙantarta, har da watannin hutu, kuma a rubuce. Ƙungiyoyin iyaye da malamai su ma su sa ido.

Ku matasan ma'aikata, takardun nan ta teburinku za su bi. Mu ɗalibai kuwa, gobe mu ne iyayen. Wanda ya riƙe amanar 'ya'yanmu, wajibi ne mu riƙe tasa.