Kafin Ka Karɓi Makulli: Yadda Ake Nemo Takardar EPC, da Yadda Ake Karanta Ta

 

Mu da muka taso a ƙasar Hausa mun san tambayoyin da ake yi wa dillali kafin a kama haya: akwai ruwa? Ana samun wuta? Su wane ne maƙwabta? Ba wanda ya koya mana tambayar yawan ɗumin da bango ke zubarwa, domin rana ba ta taɓa yi mana rowa ba. A nan Birtaniya kuwa wannan tambaya ita ce ke raba gidan da za ka zauna cikinsa da kwanciyar hankali da wanda zai cinye maka albashi tun daga Nuwamba har Maris. Abin da ke damuna shi ne amsar tana nan a rubuce, kyauta, a rajistar gwamnati, amma da yawanmu muna ta cinikin biri a sama.

Takardar da nake magana a kanta ana kiranta EPC, wato shaidar yadda gida ke cin makamashi. Asalinta wata doka ce ta Tarayyar Turai ta 2002. Ingila da Wales suka fara aiki da ita a watan Agusta 2007 ga manyan gidajen da ake sayarwa, sannan daga Oktoba 2008 ta hau kan gidajen haya. Birtaniya ta fice daga Tarayyar, takardar ta zauna. Duk wanda zai gina gida, ko ya sayar, ko ya ba da haya, wajibi ne ya tanade ta da kuɗinsa, ya nuna wa mai nema ba tare da karɓar ko sisi ba. Tana aiki shekara 10.

Nemo ta ba wuya. Ka shiga shafin gwamnati na GOV.UK, ka nemi sashen da aka rubuta wa Find an energy certificate. Ka sa lambar gidan waya ta unguwar, ko sunan titi da gari, ko lambar takardar kanta mai alƙaluma 20. Ba a tambayarka sunanka, ba a tambayarka dalili. Wannan rajista ta Ingila ce da Wales da Ireland ta Arewa. Scotland tana da tata daban. Idan ka sa lambar unguwa, gidajen layin duka za su fito a jere, kuma ina ba ku shawara ku leƙa na maƙwabta. A layin da aka gina gidajensa lokaci ɗaya da bulo iri ɗaya, idan na kusa yana C naka yana E, ka san akwai gyaran da aka yi a can wanda mai gidanka bai yi ba. Wani lokaci ba za ka sami gidan ba sam. Yana iya zama ba a sayar da shi ko ba da shi haya ba tun 2007, ko mai shi ya nemi a cire shi daga idon jama'a, domin doka ta ba shi wannan dama. Ɗalibai kuma su lura: wanda ya kama ɗaki ɗaya a gidan da ake haɗa kicin da banɗaki, galibi doka ba ta tilasta a ba shi takardar ba. Duk da haka ya duba, sau da yawa gidan yana da ita.

Abin da ido ke fara gani shi ne tsani mai launi bakwai, daga kore a sama zuwa ja a ƙasa, A zuwa G. Kowane harafi yana da makinsa: A daga 92 zuwa sama, B 81 zuwa 91, C 69 zuwa 80, D 55 zuwa 68, E 39 zuwa 54, F 21 zuwa 38, G kuma 1 zuwa 20. Takardun da kansu suna cewa matsakaicin gida a Ingila da Wales yana D ne, da maki 60. Dillali zai ce maka, "Gidan D ne, ba laifi." Ka tambaye shi D nawa. Mai maki 68 saura ƙiris ya zama C, mai 55 kuwa ƙafarsa ɗaya tana cikin E. A gefen makin yanzu akwai na biyu, wanda gidan zai kai idan an yi duk gyare-gyaren da aka ba da shawara. Wannan na biyu buri ne kawai, kada a sayar maka da shi.

Yawancin mutane a nan suke tsayawa, alhali labarin yana ƙasa. Ku sauko zuwa jadawalin da ya bi gidan gaɓa-gaɓa: bango, rufi, tagogi, na'urar ɗumama gida, ruwan zafi, fitilu, kowanne da hukuncinsa daga mai kyau ƙwarai zuwa maras kyau ƙwarai. Mu ɗauki irin gidajen jan bulo masu manne da juna da suka cika Bradford da Manchester, waɗanda aka gina kafin 1919. Bangonsu bulo ne zalla, ba sarari a tsakiya, don haka ɗumi yana ratsa shi ya fice. Gidajen da aka gina daga shekarun 1920 zuwa gaba galibi bango biyu ne da sarari a tsakani, wanda ake iya cusa wa abin riƙe ɗumi da kuɗi kaɗan. Na farkon kuwa sai an lulluɓe bangon ta ciki ko ta waje, aikin dubban fam, kuma ba kowane mai gida ne zai yi ba. Saman silin ma haka: abin da ake so shi ne shimfiɗa mai kaurin milimita 270. Idan ka ga an rubuta 50 ko 100, ka san ɗakin sama zai yi sanyi da asuba.

A cikin wannan jadawali akwai kalmar Turanci guda da nake roƙonku ku riƙe, ita ce assumed. Ma'anarta mai awon bai gani da idonsa ba, ƙaddarawa ya yi. Dalili kuwa shi ne yadda ake aikin. Mai awo yana zuwa da abin gwaji da kyamara, ya auna ɗakuna, ya dubi boila, ya ƙirga fitilu, ya leƙa saman silin idan akwai ƙofa. Ba ya huda bango, ba ya ɗaga daɓe. Abin da ya tattara sai ya zuba a manhajar kwamfuta mai bin tsarin lissafin da ake kira RdSAP, ita kuma ta cike giɓin da abin da aka saba gani a gidajen wannan zamanin. Saboda haka gida yana iya samun makin da bai cancanta ba, wani kuma a tauye shi don mai shi ya yi gyara amma ya rasa rasit. Ni dai idan na ga wannan kalma a kan bango da rufi da daɓe gaba ɗaya, ina ɗaukar harafin da ke sama da taka-tsantsan.

Sai batun kuɗi, inda aka fi yaudaruwa. Takardar tana ba da ƙiyasin abin da za a kashe a shekara, amma a kan abu uku kawai: ɗumama gida, ruwan zafi da fitilu. Firji, injin wanki, talabijin da girki ba sa ciki. Lissafin kuma ya ɗauka cewa falo yana digiri 21, sauran ɗakuna 18, na wasu sa'o'i a rana. Gidan Bahaushe mai yara biyar, da tsohuwa da ta zo daga gida ba ta jure sanyi, da tukunya a kan wuta tun hantsi, ba zai tsaya a wannan ƙiyasi ba. Mafi muhimmanci, farashin da aka yi lissafi da shi na shekarar da aka rubuta takardar ne. Wadda aka yi a 2017 tana nan da ranta har 2027, amma ba ta san abin da ya faru a 2022 ba, lokacin da farashin gas ya yi tashin gwauron zabo har gwamnati ta sa baki ta tsayar da kuɗin matsakaicin gida a fam 2,500 a shekara. Don haka ku dubi kwanan wata kafin ku dubi adadin. Kuma da yake makin ya dogara ne a kan tsadar makamashi, gidan da ke ɗumama da lantarki yakan faɗo ƙasa da mai gas, ko da shi ne ya fi tsabtar hayaƙi. Wannan aibi ne na gaske a tsarin, kuma masana sun daɗe suna kuka da shi.

Akwai abin da takardar ba ta aunawa ko kaɗan, shi ne laima da funfuna. A Disamba 2020 wani yaro ɗan shekara biyu ya rasu a Rochdale, kuma binciken kotu ya tabbatar a 2022 cewa funfunar gidan da iyayensa ke haya ce ta lalata masa numfashi. Allah Ya jiƙansa. Ba harafin da zai nuna maka wannan. Sai ka je da ƙafarka, ka ja labule, ka duba bayan kabad da kusurwar taga, ka shaƙi iskar ɗakin.

To, me takardar ke ba ɗan haya a hannu? Tana ba shi doka. A Ingila da Wales, tun 1 ga Afrilu 2018 haramun ne mai gida mai zaman kansa ya ƙulla sabuwar haya a gidan da ke F ko G, kuma daga 1 ga Afrilu 2020 hukuncin ya haɗa da waɗanda ke ciki tun da. Ana buƙatar ya kashe har fam 3,500 wajen gyara. Idan ya kashe gidan bai kai E ba, sai ya yi rajistar uzuri a wata rajista ta daban, ita ma a buɗe take ga kowa. Wanda ya karya wannan doka ƙaramar hukuma tana iya cin sa tarar da ta kai fam 5,000. Gwamnati kuma ta bayyana niyyar ɗaga ma'aunin zuwa C nan da 2030. Na san halinmu da kawaici, ga kuma tsoron baƙo kada ya yi magana a ce ya tashi. Amma wanda ya je wa mai gida da takarda a hannu, ya nuna masa layin da aka rubuta cewa a ƙara shimfiɗar saman silin, da ƙiyasin kuɗin aikin a gefe, ba faɗa ya je yi ba. Idan kuma kana ganin takardar ce ba daidai ba, misali an rubuta taga mai gilashi biyu alhali ɗaya kake gani, sunan mai awon da lambar wayarsa suna ƙarshenta. Ka fara da shi. In bai saurare ka ba, ka kai ƙara ga hukumar da ta ba shi lasisi, ita ma sunanta yana wurin.

'Yan'uwanmu na Nijar da ke da dangi a Faransa, ku gaya musu can ma akwai irinta, ana ce mata DPE, kuma ana tantance ta a rajistar hukumar ADEME da lamba mai alamomi 13. Faransawa sun fi matsawa: tun Yuli 2021 mai saye ko ɗan haya yana iya kai ƙara kotu idan abin da aka rubuta ƙarya ne, an hana ƙara kuɗin haya a gidajen F da G tun Agusta 2022, an hana ba da G haya daga Janairu 2025, F zai bi a 2028, E kuma a 2034.

Shugaban taro, na ga akwai masu waya a hannu. Wanda ya san lambar unguwarsa ya buɗe rajistar yanzu, mu karanta biyu ko uku tare kafin a shiga tambayoyi.