Matsayin Matasa A Wajen Shawara

Bayan yabo ga Allah (T) da salati ga Manzo (S), Malam ya fara da tunatar da 'yan'uwa cewa a Musulunci ba a tsara wa matashi rayuwarsa a bayan idonsa. Ranar Uhudu, Manzon Allah (S) ya nemi shawara, matasa suka zaɓi a fita wajen Madina, ya kuma karɓa. Ya naɗa Usama ɗan Zaidu shugaban runduna alhali manyan Sahabbai suna cikinta. Haka Muhammadu Bello, yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai ya ɗauki nauyin jihadi a 1804.

Sannan ya juyo kan Nijeriya. Ya ce a 2018 an sa hannu kan dokar da ta rage shekarun takarar shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35, na Majalisar Wakilai daga 30 zuwa 25. To amma a 2022 jam'iyyar APC ta sayar da fom ɗin takarar shugaban ƙasa naira miliyan 100. Ɗan talaka ina zai samo su? Ya ce shirye-shiryen matasa a ofis ake ƙulla su, sai an gama a kira su tafi da ɗaukar hoto.

Ya gargaɗi 'yan'uwa da kada su yarda a mai da su 'yan bangar siyasa. Su nemi ilimi da tarbiyya, domin jahili ko an ba shi kujerar shawara, amin kawai zai ce.

Wassalamu alaikum.